INA ZA MU KAI YARA HUTU BANA?

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na 'ya'yan Ƙofar Sauri mazauna birane)

 



GABATARWA

Da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan wuraren da mutanen duniya suka fi sha'awar zuwa hutu, sai da muka yi murmushi. Mu malaman firamare, yawancin yawon duniyarmu a jikin taswira muka yi shi, da alli a hannu. Shekara 35 muna nuna wa yara Landan da Alƙahira a allo. Yau ga shi yaran sun girma, sun je sun gano garuruwan da idonsu, mu kuwa muna nan gida muna jiran fansho. Duk da haka mun karɓi aikin da hannu biyu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma wannan take ya ba mu ƙofar shiga cikinta. Muna roƙon a yi mana haƙuri in mun taka wani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

TAFIYA GADONMU CE

Da farko muna so a gane cewa ba mu zo nan don mu hana kowa tafiya ba. Bakatsine bai taɓa zama mai tsoron hanya ba. Kakanninmu fatake sun kora jakuna zuwa Gwanja sun ɗauko goro, wasunsu sun bi ayarin raƙuma zuwa Agadas da Tarabulus. Malaminmu Muhammadu Alkashinawi, wanda ya shahara a ilmin lissafi, daga ƙasar nan ya tashi ya yi aikin Hajji, ya zauna Alƙahira yana karantarwa da wallafa littattafai har Allah Ya yi masa rasuwa a can a 1741. A 1921 Sarki Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa ya tafi Makka, ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar. Bai dawo hannu sake ba. Wasan ƙwallon dawaki, wato folo, wanda sunan Katsina ya fita da shi a duniya musamman a zamanin Sarki Usman Nagogo, yana cikin tsarabar irin waɗannan tafiye-tafiye. Haka Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a garin nan, ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abin lura game da waɗannan magabata shi ne, sun san inda suka fito kafin su tafi, saboda haka duk abin da suka gani a waje suna da ma'aunin da za su auna shi da shi. Wannan ma'auni ne muke tsoron 'ya'yanmu na birni sun rasa.

INDA DUNIYA KE TURURUWA

Bari mu cika umarnin kwamiti, mu zaga da ku kamar yadda muka saba yi a darasin labarin ƙasa.

Ƙasar da ta fi kowace karɓar baƙi 'yan yawon buɗe ido ita ce Faransa, wadda ta karɓi kimanin mutum miliyan 100 a 2023. Da yawansu hasumiyar ƙarfen nan ta birnin Faris suke zuwa gani, wadda aka kammala a 1889. A Masar, mutane na tsallako teku don su tsaya a rana su kalli dalar Giza, kaburburan Fir'aunoni da suka shekara wajen 4,500. A Turkiyya, masallatan Istambul da fadar sarakunan Usmaniyya ne ke jan jama'a. A Maroko, wadda ta karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2024, tsofaffin biranen Fas da Marrakish ne jarin, da lungunansu da marinarsu da majemarsu, irin waɗanda mu ma muka gada.

Mu a nan, in ban da Umra, wadda ibada ce kuma ba ma sa ta a wannan lissafi, babu inda ya kai Dubai shiga zuciyar masu halinmu. Can ne ake da ginin da ya fi kowane tsawo a duniya, Burj Khalifa, mai mita 828, wanda aka buɗe a 2010. Daga ƙarshen 2022 zuwa tsakiyar 2024, lokacin da aka dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar shiga can, mun ga gidajen da suka shiga damuwa kamar an yi musu rashi. Sai kuma Landan, ga masu 'ya'ya a makarantun can. A cikin gida kuwa, akwai gandun dajin Yankari a Bauchi da ruwan ɗuminsa na Wikki, da sanyin Jos, da tsaunukan Obudu, da bikin kamun kifi na Argungu wanda ya samo asali tun 1934.

To jama'a, mu tsaya mu tambayi kanmu: me mutane ke biyan maƙudan kuɗi su je su gani a yawancin wuraren nan? Amsar ita ce, tsohon abu wanda masu shi suka ƙi yarda ya lalace. Ko Dubai ɗin da aka sani da sababbin gine-gine, sai da suka keɓe tsohuwar unguwarsu ta Alfahidi, suka gyara ta, suna kai baƙi su ga yadda kakanninsu masunta da fatake suka zauna. Sun gane cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Kada a ce wannan sai masu ginin dutse da masu arzikin mai. Maƙwabtanmu na Agadas suna da hasumiyar masallaci ta jar ƙasa, mai tsawon mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birninsu cikin jerin kayan gadon duniya. A garin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallaci na laka wanda aka sake ginawa a 1907. Al'adar mutanen garin ita ce su fito kwansu da kwarkwatarsu, maza na kwaɓa ƙasa, mata na ɗebo ruwa, yara na kai kwanduna, su yaɓe shi a rana ɗaya kafin damina. Ƙasa ce irin tamu, hannu ne irin namu. Bambancin kawai, su sun ɗauki abin nasu da daraja.

ABIN DA KE BAYAN GIDANMU

Yanzu mu dawo gida, mu tashi daga bakin Ƙofar Sauri da ƙafa.

Ita kanta ƙofar ɗaya ce daga cikin manyan ƙofofi bakwai na birnin nan, tare da Ƙofar Durɓi da Marusa da Ƙaura da Ƙwaya da 'Yanɗaka da Guga. Kowace da labarinta. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ce Turawan mulkin mallaka suka shigo a 1903. Tun kafin su, matafiyan Turai sun sha wahalar Sahara don su ga wannan birni. Kyaftin Kilafaton ya zo a 1824, Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, kuma dukansu sun rubuta labarin ganuwarmu da kasuwarmu a littattafan da har yau ake karantawa a jami'o'in ƙasashensu. Wato garin da muke ganin babu abin kallo a cikinsa, wasu sun sayar da ransu don su gan shi.

Tafiya kaɗan daga nan, a Rafukka, ga tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922. A ɗakunan ƙasar nan ne Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita suka zauna a gaban malamai. Daga nan aka mai da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin ya zama gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Muna tambaya cikin ladabi: mutum nawa a zauren nan suka taɓa riƙe hannun ɗansu suka shiga da shi ciki? Ga shi kuwa a maƙwabtanmu yake, ko kuɗin mota ba a biya.

Daga can sai Ƙofar Soro, fadar Mai Martaba, inda ake ajiye da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Muhammadu Korau. In an yi sa'a lokacin Salla ne, yaro zai ga hawan da babu na'urar da za ta iya nuna masa kwatankwacinsa: hakimai da tawagarsu, 'yan lifidi, 'yan sulke, algaita da kakaki da tambari, da ƙurar jafi. A ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mun taya 'yan'uwanmu Kanawa murna, amma duk wanda ya san doki ya san Katsina ba ta bin bayan kowa a wannan fage.

Sai hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin ƙafa 50, wadda ake danganta gininta da zamanin Korau a ƙarni na 15, zamanin da malamai irin su Shehu Almagili suka ziyarci ƙasar Hausa. Ta yi zama wurin kiran salla, ta yi zama wurin hangen abokan gaba, kewayenta kuma ya yi zama makarantar da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Sannan ga makwancin waliyyanmu na ƙarni na 17, Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda saboda irinsu ake kiran garin nan garin ilmi.

Wanda ke da mota da yini guda, yana iya kai yara Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tuddan kaburburan sarakunan farko suke, waɗanda aka tona a 1907 da 1992 aka sami kwanonin tagulla da kayan ado. Yana iya zarcewa Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, su leƙa rijiyar Kusugu, su ji labarin Bayajida da Daurama a inda ake cewa abin ya faru. A arewa kuma ga Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi suka kafa gari, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa.

ABIN DA YA TAYAR MANA DA HANKALI

Abin da ya sa muka ce maganar na ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wani abu da ya faru a gidanmu. An yi mana rasuwa, 'ya'ya da jikoki suka taru daga birane. A cikinsu akwai wani jikanmu ɗan shekara 12, yaro mai kaifin basira, wanda a duk rayuwarsa wannan ne zuwansa na biyu. Bayan sadakar uku muka ɗauke shi a mota zuwa cikin gari. A hanya ya ba mu labarin Dubai, ya faɗa mana tsawon dogon ginin nan da yawan hawansa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Har muka ji daɗi irin na malami. Da muka zo wucewa ta Gobarau, sai ya nuna ta da yatsa ya tambaye mu da Turanci, wane ne ya bar wannan tsohon gini bai rushe shi ba?

Da muka koma gida, yayarmu, wadda ta haura shekara 80, ta jawo shi jikinta tana yi masa wasan jika, tana kiransa mai gida, tana cewa ina cefanenta. Yaro ya tsaya yana kallonmu, yana jiran a fassara masa. Tsohuwar nan ta yi dariya a gaban mutane, amma da dare ta kira mu ta ce, “Malam, in mun mutu, wa zai nuna wa waɗannan kabarinmu?” Ba mu sami amsar ba ta ba. Bara Allah Ya karɓi abarSa, yaron bai sake ganinta ba.

Ba mu ga laifin yaro ba, abin da aka nuna masa shi ya sani. Laifin namu ne, mu da iyayensa. Da muna yara, hutun ƙarshen shekara na nufin a sa mu a bayan akori-kura ko a kan jaki a kai mu ƙauye wajen kakanni. A can muka koyi riƙon hauya, da gaida manya a durƙushe, da sanin wane ne kawu wane ne baffa, da tatsuniya a farin wata. Ba a kira shi darasi ba, amma babu darasin da ya zauna mana kamarsa. Yau yaro na iya kammala jami'a bai taɓa kwana bakwai a jere a garin ubansa ba. Ran da aiki ya ƙare, ko kasuwa ta juya baya, ko wata fitina ta tashi a inda ake zaune, kamar yadda muka sha gani a ƙasar nan, ina zai nufa? Zai zo ne a matsayin baƙo, yana tambayar hanyar gidan kakansa. Hausawa sun gama magana da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Haka su ma kayan tarihin. Ganuwar da matafiyan can suka yaba, yawancinta ta tafi. Wani wuri ruwa ya cinye, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani wuri an yi gini a kai. A idonmu aka yi wannan, muka yi shiru. Abin da 'ya'yan gari ba su zuwa gani, babu mai tsaron sa.

UZURORIN DA MUKA SANI

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci, kuma ba mu raina shi ba. Na farko tsaro. Jihar nan ta ga tashin hankali, musamman yankunan Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara, kuma babu wanda ya manta da ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020. Uban da ya ji tsoron sa iyalinsa a hanya bai yi laifi ba. Amma mu faɗi gaskiya, in biki ne na ɗan wani babba, ko taron siyasa, ko rabon gado, ana samun hanyar zuwa. Akwai filin jirgin sama a garin nan, akwai hanyar Kano, kuma mai hankali ya san ya yi tafiyar rana, ya tambayi na gida labarin hanya kafin ya taso. Mu da ke kwana a nan muna tashi, mu ma 'ya'yan wasu ne.

Na biyu, ana cewa yara ba su iya zaman gida saboda zafi da sauro da rashin wuta. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai wanda ya iya biyan tikitin mutum biyar zuwa ƙasar waje, musamman bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023, ba zai kasa gyara ɗaki biyu a gidan mahaifinsa ya sa musu hasken rana da gidan sauro ba. Kuma gyaran nan ba ya ƙarewa da hutu, tsofaffin gida za su ci gaba da morarsa.

SHAWARWARI

Domin kada mu tashi da magana kawai, ga abin da muke roƙon wannan taro ya duba.

1. Kowane magidanci ya ɗaukar wa kansa alkawarin kawo iyalinsa gida aƙalla sau ɗaya a shekara, su yi mako guda cur, ko a Salla ko a dogon hutu. Wanda Allah Ya hore wa zuwa waje ya je, amma gida ya riga.

2. Ƙungiya ta keɓe kwana uku bayan Ƙaramar Salla don zagayawa da yaran da suka zo. Mu tsofaffin malamai muna nan, ba mu da aikin da ya fi wannan, kuma ba mu neman ko kwabo. A ba mu mota ɗaya da ruwan sha, mu fara daga Ƙofar Sauri mu ƙare a Gobarau. A haɗa su da yaran unguwa, don su san juna tun yanzu.

3. Duk wanda ya fita waje hutu, in ya dawo ya sa wa asusun ƙungiya wani abu, ko da kwatankwacin kuɗin kwana ɗaya na otal ne. A yi amfani da shi wajen share kewayen ƙofa, da yashe magudanun ruwa kafin damina, da buga ɗan littafin tarihin unguwa da Hausa. Duk abin da ya shafi taɓa ginin tarihi kuwa, a bi ta hannun masarauta da hukumar da ke kula da shi.

4. Matasanmu masu manyan wayoyi su zauna da tsofaffin da suka rage, su ɗauki muryarsu: asalin gidaje, sana'o'in unguwa, sunayen kakanni. Kowace shekara muna binne wani da abin da ya sani.

5. Iyaye, musamman iyaye mata, a yi wa yara Hausa a gida. Turanci ba zai gudu ba, makaranta na nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

Jama'a, ku je Dubai, ku je Masar, ku je Istambul, Allah Ya ƙara buɗi. Gani ya kori ji, kuma mu da muka koyar da ku muna alfahari da inda ƙafarku ta taka. Abin da muke roƙo shi ne, in za a zauna da iyali a tsara inda za a je bana, a sa sunan Katsina a takardar, a sa shi a sama. Zumunta a ƙafa take, kuma tsofaffin da ke jiran ganin jikokinsu ba su da yawan lokacin jira.

 Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya kuma maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.